Maƙwabcin da Ke Gangaren Kwata

Wanda ya ratsa lungunan Ƙofar Kwaya a Katsina bayan ruwan Agusta ya san yadda ledojin ruwa da shara suke toshe magudana, har ruwan kwata ya kwanta a ƙofar gidaje. Da rani kuwa hayaƙin bolar da aka cinna wa wuta yakan shiga ɗakunan da jarirai suke barci. Shin wannan ya shafi bangaskiyarmu, ko kuwa aikin hukuma ne kaɗai?

Littafin Farawa ya nuna mana cewa Allah ya sa mutum a gonar Adnin domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Ashe ƙasa amana ce a hannunmu. A cikin Luka sura 10 kuma, Yesu ya yabi Basamariyen da ya tsaya wurin mai rauni, bayan firist da Balawe sun ratse. Ruwa gangare yake bi. Abin da na zuba a kwata da dare, ƙofar wani zai kwana, kuma sau da yawa talaka ne wanda ba shi da halin tashi daga unguwar. Shi ne maƙwabcina, Kirista ne ko Musulmi. A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, Katsina na cikin jihohin da ta taɓa, gurɓataccen ruwa ne kuma hanyarta.

Wani zai ce ikilisiya wurin addu'a ce, ba ta da ruwa da bola. Amma a Amurka, a 1987, ikilisiyar United Church of Christ ce ta wallafa rahoton da ya tona yadda ake jibge shara mai guba kusa da unguwannin baƙar fata. Addu'arsu ce ta kai su ga wannan aiki.

Mu ma mu fara daga gida: mu daina zubar da shara a magudana. Zumuntar mata da ta matasa su fito da shebur da baro kafin damina, tare da maƙwabtanmu Musulmi. Dattawan ikilisiya su je wurin mai unguwa da hukumar kare muhalli ta jiha, cikin ladabi da naciya, su nemi a riƙa kwashe bola a kan kari.

Ya Ubangiji, ka gafarta mana sakacinmu, ka buɗe idanunmu mu ga wanda sharar gidanmu take cutarwa. Amin.