Ragowar Tuwon Jiya

Karatu: Yohanna 6:1-13, Farawa 41:33-36



Kusan kowa a ikilisiya ya san labarin ranar da Yesu ya ciyar da maza wajen 5,000 a hayin Tekun Galili. Ko yara ma sun haddace shi. Filibus ya yi lissafi, ya ga gurasar dinari 200 ba za ta isa ba. Andarawus ya nuna wani yaro mai gurasa 5 ta sha'ir da kifi 2. Yesu ya karɓa, ya yi godiya, kowa ya ci ya ƙoshi. Amma akwai wurin da muke saurin wucewa. Bayan an ƙoshi, Ubangiji ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage, aka cika kwando 12.

Ka tsaya ka yi tunani. Wanda ya ciyar da dubbai da abincin yaro guda ba ya tsoron yunwar gobe. Da ya so, washegari sai ya sake yi. Duk da haka ya sa manyan mutane suka sunkuya cikin ciyawa suna tsintar gutsuren gurasa. Abin da aka yi wa Uba godiya a kansa ba abin zubarwa ba ne. In kuwa Mai iko duka bai ji kunyar tattali ba, ni da kai fa?

Bari mu shiga gidanka. Tuwon dare ya rage. A gidajen iyayenmu ba a shawara a kansa, da safe ya zama ɗumame, ƙanzon tukunya kuma a shanya shi a ajiye. Yau a gidaje da yawa an raina ɗumame. Sai a zuba wa kaji, a ba yaro kuɗi ya sayo burodi da shayi. A ce dala 20 ke fita haka kowace safiya. Ba ka jin zafinta, gama ƙanƙanuwa ce. Amma a wata jaka 3 ke nan, a shekara ta wuce jaka 36. Ka ƙara kuɗin katin waya da ke ƙarewa wajen hirar da ba ta da kai, da goro, da itacen da ke ci a murhu bayan an sauke tukunya. Sa'an nan watan Oktoba ya zo, yara za su koma makaranta, ka ce ba ka san inda za ka sami kuɗin littafi da takalmi ba. Allah ya riga ya ba ka, kaɗan-kaɗan ya zube.

'Yar'uwa, wannan sashi a hannunki ya fi yawa, ko da yake ba naki ba ne ke kaɗai. Ki auna tiya daidai da bakunan da ke gidan. Ki rufe tukunya, ki janye itace ki kashe shi da zarar girki ya nuna. Lokacin da tumatir da kuɓewa suka yi araha, ki yanka ki shanya. Kai kuma maigida, kada ka ƙirga wa matarka ƙwayar gishiri alhali kai kana kashe ninkinsa a majalisa. Ku zauna tare ku yi lissafi. Gida da yawa ba su taɓa yin wannan ba ko sau ɗaya.

Babban wurin da ake faɗuwa kuwa shi ne kaka. Hatsi ya shigo, rumbu ya cika, zuciya ta yi faɗi. A lokacin ne ake ɗaura bukukuwa, a yi anko, a yi gasar wanda zai fi wani. Sai a kai gero kasuwa a sayar sa'ad da ya fi araha. Damina ta faɗi, aikin gona ya yi tsanani, rumbu ba kome, a koma a sayi geron nan da tsada, ko a ci bashi a kan amfanin da bai ko tsiro ba. Waɗanda suka ga shekarar 2005 a Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su manta ba. Fara da ƙarancin ruwa sun ɓata daminar 2004, daga baya akwai hatsi a kasuwa amma talaka ba ya iya taɓa shi. Ban ce waɗanda suka sha wahalar nan laifinsu ba ne, da yawa ba su girbe abin ajiyewa ba. Ina magana da kai da Allah ya ba shekara mai kyau.

Shawarar da Yusufu ya ba Fir'auna ita ce a ware kashi 1 cikin 5 na amfanin ƙasa a shekaru 7 na ƙoshi. Dami 1 ke nan cikin kowane 5. In ya yi maka yawa, ka fara da 1 cikin 10, bayan ka fitar da na Ubangiji. Ka ware shi tun ranar da aka kawo shi gida, gama abin da aka ce za a ajiye in ya rage, ba ya raguwa. Mai albashi ya yi haka ranar da kuɗi ya shigo, ko asusu ko adashe da mutane masu amana.

Wani zai ce, ai wannan rashin bangaskiya ne, ko kuwa rowa. A'a. Mai arzikin nan na Luka 12 ya faɗaɗa rumbunansa domin ransa kaɗai, Allah ya kira shi wawa. Yusufu ya tara, amma da yunwa ta zo ya buɗe, har 'yan'uwansa da suka sayar da shi suka ci. Gwauruwar da ke zama kusa da kai a sujada za ta ƙwanƙwasa ƙofarka a watan Agusta. Me za ta tarar?

Addu'a: Ya Uba, na gode maka domin abincin yau. Ka gafarta mini abin da na zubar cikin rashin kula. Ka tuna da gidajen da rumbunsu ya riga ya ƙare, ka kuma nuna mini wanda zan auna wa tiya guda a makon nan. Cikin sunan Yesu, Amin.