Kuɗin Laraba da Kuɗin Mujalla

Ɗalibin da ya taso daga Mutum Biyu, hedikwatar ƙaramar hukumar Gassol, ya shiga Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, yakan ci karo da abin da bai saba gani a zauren malaminsa ba. Ya lalubo maƙala a wayarsa, ya karanta taƙaitaccen bayaninta, sai shafi ya tsaya cak: a biya dala 30 ko 40 kafin a ga sauran. Marubucin maƙalar bai karɓi ko sisi ba, masanan da suka tantance ta ma kyauta suka yi. To, kuɗin na mene ne?

Tambayar tsohuwa ce a fiƙihu. Magabatan Hanafiyya sun hana karɓar lada kan koyar da Alƙur'ani, Malikiyya kuwa, wadda ta yi rinjaye a ƙasar Hausa, ta halatta. Sai dai abin da ta halatta ladan wahalar malami ne, irin kuɗin Laraba da iyaye ke aika wa malamin allo. Kulle ilimin kansa wani babi ne daban, kuma gargaɗin Alƙur'ani da hadisi kan ɓoye ilimi ba na wasa ba ne.

Malaman zaure sun daɗe da raba littafi da shaida. Littafi kowa na iya ara ya kwafa da alƙalaminsa. Ijaza kuwa sai malami ya zauna da ɗalibi, ya ji karatunsa, ya gamsu, sannan ya sa sunansa. Muhimmancin wannan silsila ta malamai ne ya sa Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukh, don ambaton malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu.

Wasu masanan Turai da Amurka sun iso ga wannan rabon ta tasu hanyar. A 1991 Paul Ginsparg ya kafa arXiv, rumbun intanet da masu bincike ke zuba maƙalunsu kowa ya karanta kyauta. A 2016 Timothy Gowers na Jami'ar Kambirij, wanda ya kunna wutar ƙaurace wa kamfanin buga mujallu na Elsevier a 2012, ya buɗe mujallar lissafi mai suna Discrete Analysis. Ba ta ajiye maƙala, ba ta sayarwa. Marubuci ya sa aikinsa a arXiv, mujalla ta aika wa masana su tantance, in ya tsallake sai ta sa masa hatiminta, ta nuna wa mai karatu inda yake. Lokacin da aka buɗe ta, kimanin dala 10 ake kashewa kan kowace maƙala, kuma ba daga aljihun marubuci ba. A gefe guda, mujallar Nature ta yanka Yuro 9,500 a 2021 ga mai son a buɗe maƙalarsa ga kowa, kuɗin da malamin jami'a a Jalingo ko Wukari ba zai ko yi mafarkinsa ba.

Tsarin Discrete Analysis yana da nasa nauyi. Hatimin da ba a saye da kuɗi amana kaɗai ke riƙe shi, kuma in masu tantancewa suka fara duba fuska, ya tashi aiki. Rumbu dai akwai shi, domin an buɗe AfricArXiv tun 2018 don masu binciken Afirka. Cikas ɗin yana wurin kwamitocin ƙarin girma a jami'o'in Nijeriya, waɗanda sunan mujalla ya fi ɗaukar hankalinsu fiye da abin da ke cikin maƙalar, kuma ƙaramin malami ba zai kai aikinsa inda ba za a ƙirga masa shi ba.