Tsohon Soja a Bakin Ƙofa: Sadaka Muke Yi Masa, Ko Bashi Muke Biya?



Wata rana da yamma na je duba wani mara lafiya a Babban Giji, da na fito zan koma gida sai motata ta ƙi tashi. Ina tsaye ina tunanin inda zan samo bakanike, sai wani dattijo mai gadin gidan da ke kusa ya taso daga bencinsa, ya ce, "Fada, sake murza makullin in ji." Na murza. Ya buɗe gaban motar, ya laluba, ya ɗaure wata waya da ta saki, nan take mota ta tashi. Na ce, "Baba, a ina ka koyi wannan aiki?" Ya ce a soja. Fiye da shekara 30 ya yi yana gyaran manyan motocin rundunarsa, har ya je Laberiya tare da dakarun ECOMOG a 1990. Na tambaye shi abin da ya hana shi ci gaba da sana'arsa. Ya yi murmushi ya ce, "Fada, ba wanda ya taɓa tambayata abin da na iya. Da na ce ni tsohon soja ne, sai a nuna mini ƙofa a ba ni tocila."

Tun daga ranar maganar nan take damuna. Gadi aiki ne na halal, ba kuwa abin kunya ba ne. Amma ya kamata mu tambayi kanmu: in mun ɗauki tsohon soja aiki, alheri muka yi masa wanda muna iya hanawa, ko kuwa hakkinsa ne da ke wuyanmu? In hakki ne, to, benci da tocila sun isa su biya shi?

Wannan tambaya ta girme mu. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawan mulki sun kwashi samarinmu zuwa Bama a runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, da yaƙi ya ƙare a 1945 aka maido su, da yawa suka iske aikin da suka sa rai babu shi. Barikin Bukavu da ke nan Kano sunan wani gari ne a Kwango, ƙasar da sojojinmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya tsakanin 1960 da 1964. Kafin yaƙin basasa na 1967 sojojin Nijeriya wajen 10,000 ne, amma da aka ajiye makamai a watan Janairu 1970 sun kai wajen 250,000, aka kuwa yi ta rage su a shekarun da suka biyo baya. Sai Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, sai kuma yaƙin Arewa maso Gabas tun daga 2009. Kowane yaƙi yana ƙarewa da mutane masu jaka a hannu, suna neman inda za su fara.

Hukuma ta yi nata tanadi. Akwai ƙungiyar 'yan mazan jiya, wadda doka ta kafa a 1964. Akwai cibiyar Oshodi a Legas, inda ake koya wa sojoji masu shirin ritaya sana'o'i irin su kafinta, ɗinki, walda da noma. Akwai fansho da giratuti, ko da yake mun ga tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja a 2022 da kuma 2025 suna neman haƙƙoƙinsu. Kowace 15 ga Janairu ana tunawa da waɗanda suka kwanta dama. Amma takardar shaidar sana'a ba ta kawo mai ciniki. Wanda zai kawo motarsa gyara, wanda zai ba da hayar shago, wanda zai ce "na san shi, ku ɗauke shi," maƙwabci ne, wato ni da kai.

Ga dalilin da ya sa nake cewa bashi ne. Kowa yana son ya kwana lafiya, amma ba kowa ke son ya tsaya inda harsashi ke wucewa ba. Saboda haka al'umma takan zaɓi waɗansu daga cikin 'ya'yanta, galibi 'ya'yan talakawa, ta sa musu kaki, ta koya musu abin da ta hana sauran 'ya'yanta, wato ɗaukar rai in an ba da umarni. Shekarun da tsaransa suka yi suna tara abokan ciniki a kasuwar Tarauni, ko suna kafa gareji a gefen Titin Zariya wajen Gyadi-Gyadi, shi ya yi su ne daga wannan bariki zuwa wancan. Ya dawo da furfura, ba shago, ba wanda ya san hannunsa. Barcin da muka yi, a kan shekarunsa muka yi shi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, ai an biya shi albashi, ga fansho, alhali kuwa ga samari masu digiri suna yawo ba aikin yi. Wani kuma zai tuna da marin da ya sha a shingen bincike, ko wulaƙancin da ya gani a zamanin mulkin soja, ya ce ba ya bin kowa bashi, shi ne ma ke binsu. Ban ƙaryata kowa ba. Wanda ya yi zalunci da kaki zai amsa a gaban shari'a da gaban Allah, ritaya ba ta wanke laifi. Amma ba adalci ba ne a ɗora wa dattijon da ke gabanka laifin wani da ba ka san sunansa ba. Game da albashi kuwa, albashi yana biyan aikin wata, ba ya mayar da ƙuruciya. Fansho ko da ya zo kan lokaci, abinci yake saye. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 1981 a kan aikin ɗan Adam, ya koyar cewa darajar aiki tana fitowa ne daga mutumin da ke yin sa, kuma ta wurin aiki mutum yake cika mutuntakarsa. Wanda aka ba shi abinci aka hana shi amfani da basirarsa, an ciyar da cikinsa an bar shi da yunwa.

A nan ne laifinmu yake. Idan muka kalli tsohon soja, bindiga kaɗai muke gani. Alhali bariki gari ne sukutum: akwai direbobi, kanikawa, birkiloli, masu jinya, masu dafa wa ɗaruruwan mutane abinci, masu ajiyar kaya da lissafi, masu aikin rediyo da lantarki. Mai igiya uku da ya riƙe samari talatin cikin horo ya san kula da ma'aikata fiye da manajoji da yawa. In duk wannan muka dunƙule shi muka ce gadi, mun ƙware shi, mun kuma ƙware kanmu.

Ku ma, iyayenmu da 'yan'uwanmu tsofaffin sojoji, akwai naku. Cire kaki daga jiki ya fi sauƙi da cire shi daga zuciya. A gari ba a ba da oda, ciniki ake yi. Mai shago yana iya zama sa'an ɗanku, dole ku ce masa maigida. Matar gida da 'ya'ya ba kurata ba ne. Ku tuna da Waliyi Ignatiyus na Loyola. Soja ne mai ji da kansa, har harsashin igwa ya karya masa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana da shekara fiye da talatin ya zauna a benci ɗaya da yara ƙanana a Barcelona yana koyon Latin daga farko. Wannan ƙanƙan da kai ya fi jaruntakarsa ta fagen fama amfani, domin daga nan aka sami ƙungiyar Jesuit da Paparoma ya amince da ita a 1540. Wanda kuma barci ya ƙaurace masa, ko ƙarar fashewar taya ke firgita shi, kada ya nemi magani a kwalba. Rauni ne kamar na harsashi, akwai likitocinsa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke nan kusa, zuwa wurinsu kuwa ba ragwanci ba ne.

To, me za mu yi? Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kowace majami'a ta san tsofaffin sojojin da ke cikinta, ta rubuta sana'ar kowannensu. In za a yi gini, ko gyaran janareto, ko neman direba, a fara duba wannan takarda. Masu gareji da shaguna su buɗe musu ƙofa, su kuma tura musu yara koyon aiki, domin dattijo mai sana'a da saurayi marar aiki ba kishiyoyi ba ne, kowannensu yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa. Wannan hakki bai tsaya kan Kirista ba, gama a ramin yaƙi Musulmi da Kirista gora ɗaya suka sha ruwa.

Wanda yake da tsohon soja a ƙofar gidansa, gobe da safe ya tsaya, ya gaishe shi da girmamawa, ya ce, "Baba, wane aiki ka yi a soja?" Sa'an nan ya saurari amsar har ƙarshe.

Allah ya ba ƙasarmu salama, ya ji ƙan waɗanda ba su dawo ba, ya albarkaci aikin hannun waɗanda suka dawo. Amin.