Telan Bakin Tasha

A garin Gure, gabas da Damagaram, kan kwaltar da ta miƙe zuwa Diffa, an yi wani tela a bakin tasha wanda bakinsa ya fi kekensa gudu. In mutum ya kawo wando a rage masa tsawo, sai ya koma gida da wandonsa, da labarin aure uku da suka mutu, da farashin dabino a Gidimuni. Ba mugu ba ne. Shiru ne kawai ba ya iya gani ya ƙyale.

Daminar 2009 ta yi gardama. Ciyawa ba ta fito ba a arewa, daga Kele har Tasker, kuma kafin bazarar 2010 ta yi nisa shanu sun fara faɗuwa a bakin rijiyoyi. A kasuwa saniya ta koma ba ta sayen buhun hatsi. Ƙungiyoyin agaji suka riƙa sayen ramammu ana yankawa ana busar da naman. Da ruwa ya tashi zuwa kuma, sai ya ƙarasa waɗanda yunwa ta rage, don dabbar da ba ta iya miƙewa ba ta jure sanyin ruwan fari.

Cikin waɗanda abin ya faɗa wa akwai wani dattijo daga duwatsun Kutus. Ya shigo Gure da sandarsa da dangwalin da babu ɗan maraƙi ko ɗaya a jikinsa, ya sauka gidan ƙanensa, ya zauna a zaure. In an gaishe shi ya amsa. In an kawo tuwo ya taɓa. Bayan wannan, babu.

Mutanen unguwa ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Liman ya zo ya tuna masa cewa wanda ya bayar shi ya karɓa, ya kawo masa ƙissar Annabi Ayuba, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Dattijo ya ce haka ne. Dillalin dabbobi ya zo da lissafi a baki: a fara da awaki, su ba sa jimawa sun cika gida, ko kuma ya tura ɗansa Agadem, inda 'yan Sin ke shimfiɗa bututun mai zuwa matatar da ake ginawa kusa da Damagaram, ana biyan leburori. Da aka ambaci ɗan, dattijo ya sunkuyar da kai, amma dillali yana cikin ƙidayar awaki da yatsu, bai lura ba. Wani tsoho kuma ya ce ai wannan wasa ne in aka tuna El Buhari, yunwar 1984, lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka. Shi a shekarar ba shanu kaɗai ya binne ba. Dattijo ya ce Allah ya jiƙan musulmi. Kowa ya tashi yana jin ya sauke nauyi.

Ran nan matar ƙanen ta ga babbar rigarsa ta yage daga hammata har ƙugu, ta ce Yaya ya daure ya kai wa tela, ba za a shiga masallacin Juma'a da ita haka ba. Nufinta dai ya ga rana.

Tela ya karɓi riga ya shimfiɗa a cinya. Hannu ɗaya na riƙe da bakin yagar, ɗayan na laluben ƙyallen da zai dace, don haka ya saƙala allura tsakanin leɓɓansa. A daidai nan dattijo ya dubi rigar, ya ce, kamar da ita yake magana, ƙahon Ta-Salla ne ya yi wannan, ranar da ya yi ta ƙoƙarin ɗaga ta.

Nan take labari uku suka yi layi a maƙogwaron tela. Akwai na kawunsa da ya rasa raƙuma. Akwai na wani Bafillace da aka ba karsana habbanaye, bayan shekaru ya sake zama mai garke. Akwai kuma wata addu'a da ya ji wajen wani malami. Allura ce ta tare hanya. Ya samu ƙyalle, hannunsa ya saki, ya ɗago shi zai zare allurar ya fara da na kawu, wanda ya fi daɗin faɗa. Sai idonsa ya kai kan fuskar dattijon. Bakin mutumin bai gama rufewa ba. Yana motsi kaɗan-kaɗan, irin na mai neman inda zai dafa. Tela ya san wannan motsin, don sau da yawa ya gan shi a fuskar masu kawo ɗinki, kuma kullum a nan yake shigowa da nasa zancen, motsin ya ɓace, a yi dariya a rabu. Hannunsa ya tsaya a sama. Wata babbar mota ta wuce ta tayar da ƙura. Yaron shago ya ɗago kai yana jiran maigida ya ɓarke, don bai taɓa ganin an kai haka ba a ce komai ba. Tela ya mayar da hannunsa kan riga, ya bar allura inda take.

Dattijo ya ce an haifi Ta-Salla ne ranar Sallar Layya, shi ya sa sunan. Ya ambaci uwarta, da Guntuwa mai harbi, da Jar Kele wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai marigayiya matarsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da rijiyar da kowace ta faɗi. Wani wuri ya yi shiru mai tsawo, tela ya bar shi. Da la'asar ta yi, tela ya zare allura ya ce Malam ya yi haƙuri, aikin ya fi yadda ya zata, sai gobe.

Facin kuwa ya riga ya kama. Da dare yaron shago ya ga maigidansa da reza yana farke abin da ya ɗinka, ya tambaya, aka ce ya je ya kwanta.

Kashegari aka ci gaba da shanu. A rana ta uku shanu suka ƙare, aka iso inda ƙayar take. Tun kaka, in ji dattijo, ɗansa ya ce Baba a sayar da rabi tun suna da nama, a sayi dusa da hatsi a riƙe sauran. Shi kuwa ya zage shi gaban mutane, ya ce ɗan da ke ƙirga shanun ubansa mutuwar uban yake jira. Yaron ya ɗauki jakarsa ya yi Nguru. Ga shi maganarsa ta tabbata, kuma da wane ido zai dube shi?

Kalmar ba laifinka ba ne ta zo har bakin haƙoran tela. Ya haɗiye ta, don mutumin bai ce a wanke shi ba, kuma da ya ji ta da ya ce haka ne ya tashi. Sai ya taka keke kaɗan, ya tambaye shi wannan taurin kai da ya kai yaro har Nijeriya bai waiwayo ba, wajen wa ya gado shi. Dattijo ya dube shi. Can sai dariya ta kuɓuce masa, ta zo da hawaye, ya share da hannun rigar ƙanensa da ya aro. Da ya natsa ya tambayi yaron shago ƙarfe nawa motocin bakin iyaka ke tashi.

Da yamma 'yan fada suka kewaye tela da shayi, suna so su ji me mutumin Kutus ya yi kwana uku yana faɗa. Sun san ba a roƙonsa labari. Ya ce zancen riga ne, tsohon yadi ne, ba ya riƙe zare. Suka matsa, ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, a zuba masa na biyu.

Kafin a gama girbi aka ga dattijo da ɗansa a kasuwa suna tayin awaki, suna musu kan wace ta fi nono. Liman ya ce haƙurin da ya ba shi ne ya yi aiki. Dillali ya ce kowa shaida ne shi ya fara kawo zancen awaki. Tsohon nan na El Buhari ya ce dama ya faɗa, abin bai kai a tayar da hankali ba. Dillali ya ƙara da cewa shi dai ba zai kai ɗinki bakin tasha ba, wurin mutumin da ke kwana uku kan faci ɗaya, kuma ya karɓi dala hamsin cif bai rage ko dala ba.