Ƙungiyar da ta Rasa Muryarta: AC/DC da Tambayar Jirgin Tiseyus

Daga cikin tsofaffin tambayoyin falsafa akwai wadda ake dangantawa da jirgin ruwan Tiseyus, wanda marubucin Girka Fulutak ya ruwaito cewa mutanen Atina sun adana shi shekara da shekaru, suna cire duk katakon da ya ruɓe suna sa sabo a gurbinsa, har masana suka yi saɓani kan ko jirgin na asali ne ko kuwa wani ne dabam ya gaji sunansa. Tambayar takan ƙara nauyi idan sassan da ake sauyawa mutane ne masu rai da murya, kuma tarihin AC/DC, ƙungiyar kiɗan rok, wato salon kiɗan Turawa da ya dogara ga jita mai lantarki da ganguna, ya kawo ta fili.

'Yan'uwa biyu, Malcolm da Angus Young, su suka kafa ƙungiyar a Sidni ta Ostireliya a 1973, amma muryar Bon Scott ce duniya ta san ta da ita, musamman bayan faifan Highway to Hell na 1979 ya buɗe mata kasuwar Amurka. A ranar 19 ga Fabrairu 1980 Scott ya rasu a Landan yana da shekara 33, sakamakon barasa da ta yi masa yawa. Sauran mawaƙan sun yi tunanin watsewa, sai iyayen mamacin suka ƙarfafa musu gwiwa, suka ɗauko Brian Johnson, mutumin arewacin Ingila, suka tafi tsibiran Bahamas inda suka naɗi Back in Black, wanda ya fito a Yulin shekarar, kuma aka ƙiyasta ya sayar da kwafi kusan miliyan 50.

Mai ganin cewa ƙungiya jimillar mutanenta ce zai ce AC/DC ta mutu tare da Scott, kuma yawan ciniki ba ya warware wannan hujja, domin kasuwa tana auna sha'awar masu saye ne kawai. Sai dai hujjar tana mantawa da yadda aka yi sauyin. Bangon faifan Back in Black baƙi ne ƙirin, baƙi kuwa launin makoki ne a al'adar Turawa, kuma kafin a ji jita ko muryar sabon mawaƙi, abin da ke fara dukan kunne shi ne ƙarar wata ƙatuwar ƙararrawa ta tagulla, ana buga ta sannu a hankali kamar yadda ake yi a coci idan an yi rashi. Katako ba ya juyayin wanda ya gabace shi, mutane kuwa suna yi, kuma wannan juyayin shi ne igiyar da ke ɗaure jiya da yau. Da a ce sun nemo mai kwaikwayon Scott don a rufa wa mutuwar asiri, da sun riƙe sunan sun saki gaskiyar abin. Johnson ya zo da muryarsa ta kansa, ya kuma ci gaba da rera waƙoƙin marigayin a dandali a matsayin amanar da aka bar masa.

Saboda haka hukuncin da ya fi ƙarfi shi ne cewa ƙungiyar 1980 ita ce dai ta 1979, domin ta amsa rashinta a bainar jama'a ta kuma ɗauki nauyin abin da ta gada. Jarabawar ta sake dawowa lokacin da Malcolm ya rasu a 2017, ɗan yayansa Stevie Young yana riƙe da gurbinsa tun 2014, kuma da faifan Power Up ya fito a 2020, kowace waƙa a cikinsa tana ɗauke da sunan Malcolm tare da na Angus a matsayin marubutanta.