Jikin Ɗalibi Amana Ne: Nasiha Ga Iyaye Da 'Ya'yanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya ba mu lafiya ba don mun biya ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan Juma'a a kan 'ya'yanmu ce da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta nan Gidan Waya, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da waɗanda muka tura Zariya da Kano. Mun saba idan yaro ya dawo hutu ya yi kumatu da teɓa, sai mu ce masha Allah, makaranta ta karɓe shi. Jama'a, ba kowace ƙiba ce alamar jin daɗi ba. Wata ƙofar hawan jini ce da ciwon suga, cututtukan da a da muke cewa na dattawa ne.

Mu dubi yinin ɗalibi. Daga ɗaki zuwa aji acaba, a aji zama, da dare waya a hannu har barci ya kwashe shi. Abinci kuwa Indomie da ƙwai da lemon kwalba, alhali kwalba mai rabin lita na iya ɗaukar sukarin da ya haura cokalin shayi goma. Iyayenmu da suka zo ƙasar nan fatauci suna cin tuwo su ƙoshi, amma suna yawon kasuwanni da ƙafa, suna ɗaga buhun citta. Mu mun riƙe cin, mun saki wahalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba mai yawa. Shawararta ita ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa a kwana biyar.

Addininmu ya riga kowa. A Suratul A'araf aya ta 31, Allah ya halatta mana ci da sha, ya hana mu wuce iyaka. Tirmizi ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya koya mana kasa ciki uku: abinci, ruwa da numfashi. Da Abdullahi ɗan Amru ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, an tuna masa cewa jikinsa na da hakki a kansa. To idan ibada ba ta zama hujjar cutar da jiki ba, ina ga lalaci? Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta. Ashe motsa jiki ba na maza kaɗai ba ne. Haka Banu Salima, da suka so su tare kusa da masallaci, an ce su zauna a gidajensu domin ana rubuta musu takunsu.

Don haka ɗalibai, maza ku taka da ƙafa zuwa jam'i da aji, a ajiye kuɗin acaba. Bayan La'asar a fita fili a buga ƙwallo, amma kada a bar Magariba ta wuce. 'Yan mata ku haɗu ku zaga cikin makaranta da suturarku, ko ku yi tsallen igiya a ɗakin kwana. Azumin Litinin da Alhamis sunna ne, in dai ba a rama shi da kwano biyu a buɗa-baki ba.

Iyaye, idan za mu haɗa kayan komawa makaranta, mu rage katon ɗin taliya da lemo, mu sa wake, acca, gyaɗa da busasshen zogale. Allah ya wadata ƙasar nan da su. Mu ma masu wuni a shago kan benci, maganar ta shafe mu. Wanda ya ga nauyinsa na hawa, ya je asibiti a auna masa jini da suga.

Sannan a kiyaye harshe. Wani ƙibarsa gado ce, wani lalura ce, kuma Suratul Hujurat ta hana izgili da laƙabin banza. Nasiha a keɓe ake yinta, cikin tausasawa.

Mun biya kuɗin makaranta da guminmu domin yaran nan su amfani al'umma, su kuma riƙe mu ranar da ƙarfi ya ƙare. Allah ya ba su ilimi mai amfani da lafiyar aiki da shi, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da Kudancin Kaduna lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci