Tsakanin Gardin Kura da Mutumin da Ya Zauna Cikin Beyar

Duk wanda ya tashi a Fagge a ƙarshen shekarun 1990 ya san yadda unguwa ke rikicewa ran da gardawa suka shigo. Tun daga nesa za ka ji ganga da ƙarar akayau. Sai ga gardi da warkinsa, guraye cike da damtse, sanda a hannu, yana janye da kura, an ɗaure mata baki da takunkumin igiya, ga sarƙa a wuya. Mu yara sai mu bi su har bakin kasuwar Sabon Gari, muna tsoro muna ƙara matsawa. Wani uban ya biya kuɗi a ɗora ɗansa a gadon bayanta, wai don a cire masa tsoro. Daga nan gardi ya kwance jaka ya fara tallar magani.

Abin da ya dawo min da wannan shi ne wani fim na labarin gaskiya da na kalla kwanan baya, Grizzly Man, wanda Bajamushen nan Werner Herzog ya fitar a 2005. Labarin wani Ba'amurke ne, Timothy Treadwell, wanda ya yi shekara 13 yana zuwa gandun dajin Katmai da ke Alaska duk lokacin zafi, ya kafa tanti a tsakiyar beyar. Ga wanda bai san ta ba, beyar dabba ce mai gashi da farata, wadda babban namijinta kan fi zaki nauyi nesa ba kusa ba. Dokar gandun ta ce kada mutum ya matsa kusa da ita ƙasa da yadi 50. Shi kuwa har taɓa su yake yi. Ya raɗa musu sunaye, yana yi musu magana kamar 'ya'yansa, yana cewa shi ne mai kare su daga mafarauta. Ya ɗauki hoton bidiyo na sama da awa 100, kuma daga ciki Herzog ya haɗa fim ɗin.

A watan Oktoba na 2003 wata beyar ta kashe shi, ta kashe budurwarsa Amie Huguenard, ta ci naman jikinsu. Kyamararsa na kunne amma murfin na rufe, don haka sauti kawai ta naɗa na kusan minti shida. A fim ɗin an nuna Herzog yana sauraron sautin, sannan ya roƙi tsohuwar abokiyar aikin mamacin, Jewel Palovak, kada ta taɓa saurarensa. Jami'an da suka je kwaso gawarwakin sun harbe beyar biyu a wurin.

Abu mafi sauƙi shi ne a ce mahaukaci ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni na kasa faɗin haka, kuma ga dalilina. Kafin ya fara zuwa daji, Treadwell mashayi ne wanda giya da ƙwaya suka kusa hallakawa, ya nemi zama ɗan fim bai samu ba. Da bakinsa ya ce beyar ce ta raba shi da kwalba. A layinmu ma an yi wani yayanmu na unguwa da sholisho ya lalata, har ana ɗaure shi a soro. Wata rana ya bi gardawa, aka neme shi aka rasa. Bayan shekara biyu ya dawo tsaf da shi, ba maye, sai dai ya bar yatsu biyu a bakin kura. Na ji mahaifiyarsa da kunnena tana ce wa tamu mahaifiyar, gara mata ɗa mai yatsu takwas da ɗan da bai san sunansa ba. Wa zai ce ba ta da gaskiya?

Saboda haka tambayar da ke damuna ita ce: idan mutum ya sami waraka a jikin dabba mai haɗari, wane haƙƙi ne dabbar take da shi a kansa?

Mu fara da gardi. Ko me za a ce game da shi, bai taɓa mantawa da cewa kura kura ce ba. Takunkumin nan shaida ce. Yana faɗa wa 'yan kallo cewa ya sha magani, amma bai yarda ya kwance mata baki a cikin taro don gwada maganin ba. Ya san muƙamuƙinta na farfasa ƙashi. Sai dai saninsa bai hana shi zaluntarta ba, kuma Bahaushe ya riga ya yanke hukunci tun tuni da ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata tawagar gardawa a 2005 da 2007, kuma hotunansa sun zagaya duniya. Turawa sun ga abin al'ajabi. Ni da na sake dubawa, abin da na gani shi ne dabbar dare mai yawon daji cikin dangi, an tsayar da ita ita kaɗai a kan kwalta da tsakar rana.

Treadwell ya bi ta ɗaya gefen. Bai ɗaure kowa ba, bai bugi kowa ba, bai riƙe bindiga ba. Ƙaunarsa ta gaskiya ce, har makarantu yake bi yana koya wa yara darajar dabbobi kyauta. Amma shi ma ya ɗaura wa beyar wani abu, wato suna da halin da ba nata ba. Ya mayar da ita aminiya domin aminiya yake bukata. Herzog ya ce shi da ya kalli fuskokin beyar ɗin bai ga zumunci ko tausayi ba, abin da ya gani dabba ce da abinci kawai ya dama. Kuma sabon da ya koya musu da ɗan Adam haɗari ne gare su, domin dabbar da ta daina gudun mutum ta kusanci bakin bindiga. Mai kare beyar ya tafi da rayukan beyar biyu, da ran macen da rubutunsa ya nuna tana tsoronsu.

A sana'ata ta rubuta manhaja akwai darasin da kowa ke koya da wahala. Manhaja ta yi aiki sau dubu ba shi ke nuna ba ta da kuskure ba, yana iya yiwuwa yanayin da zai tona kuskuren ne bai zo ba tukuna. Shekara 12 Treadwell yana komawa gida lafiya, ya ɗauki hakan a matsayin hujjar cewa sun amince da shi. A ta 13 ya daɗe har ƙarshen kaka, lokacin da abinci ya yi ƙaranci, beyar ɗin da ya sani da yawa sun shige ramukan barcin hunturu, baƙi masu yunwa suka rage. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana.

Mutumin da ya fi burge ni a fim ɗin shi ne Sven Haakanson, ɗan ƙabilar Alutiiq wanda a lokacin yake kula da gidan tarihinsu a Kodiak. Ya ce kakanninsa sun yi shekara 7,000 tare da beyar, suna kauce mata tana kauce musu, kuma a wurinsu ƙetare wannan iyaka raini ne ga dabbar. A nan na sami amsata. Haƙƙin farko da dabba take da shi a kanmu shi ne mu bar ta a matsayin da Allah ya halicce ta, ko da ita ce sanadin warakarmu. Mu da aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, bai kamata wannan ya zama baƙon zance gare mu ba. Godiya ga wanda ya taimake ka ba ta ba ka ikon mallakarsa. Haka abin yake ko tsakanin mutane, don sau nawa muke maƙale wa wanda ya cece mu har mu zame masa nauyi?

Yayan namu yana nan da ransa, yana sayar da kayan gwari a 'Yankura. Na taɓa tambayarsa ko yana kewar kurar. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ni na yi kewarta, ita ko sunana ba ta sani ba." Bai ga fim ɗin Herzog ba, amma ya gane abin da Treadwell ya mutu bai gane ba.

Yanzu gardawa sun yi ƙaranci a cikin gari, sai jefi-jefi lokacin sallah. In suka biyo ta layinmu, na san 'yata za ta ja hannuna mu je kallo, kuma wataƙila mu tsaya daga nesa in nuna mata yadda kura take. Amma ba zan ɗora ta a bayanta ba, ba kuma zan jefa ko naira ɗaya a faifan gardi ba.